Wasiƙa daga Gadarif: masu cire bustan birki dan Allah ku duba faɗin masta

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa da fatan alheri gareka da duk ma'aikatanka, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira amin. Ni bakanike ne a nan Gadarif cikin ƙasar Sudan, aikina birki da ƙafar mota, ina cikin Hausawan da aka haifa a nan, jaridarku kuwa a waya muke karantata idan an samu netwok. Dan Allah ɗan fili nake roƙo inyi magana da 'yan uwana masu sana'a da direbobi akan wani aiki daya yawaita a garejojinmu, wato cire bustan birki, abin nan dake ƙarawa ƙafar direba ƙarfi idan ya taka birki, a mayar da mota ƙarfin ƙafa zalla, saboda yadda ake yinsa yanzu wlh yana tada min hankali, kuma nasan bamu kaɗai bane, duk inda kayan gyara sukai tsada ko Kano ne ko Damagaram ko Njamena za'a samu mai yin haka.

Dalilin yawaitarsa a wajenmu ba ɓoyayye bane. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu 2023 kasuwannin kayan mota na Khartum suka tsaya, mu kuma dama can muke saro kusan komai, sai aka koma jiran abinda zai shigo ta Port Sudan, ga kuɗi ya lalace, jama'a kuma suka cika garin a lokacin daga Khartum da Madani kowa da tsohuwar motarsa. Sannan yawancin boksin dake aikin gona a nan, wato Hilux mai buɗaɗɗen baya, masu injin dizal ne irinsu 2L da 3L da 5L, shi kuwa injin dizal baya bada iskar zuƙa da kansa kamar na fetur, akwai ɗan famfo manne a bayan dinamo shine ke zuƙe iska ya baiwa busta. Toh sai dinamo ya ƙone, mai famfon babu a kasuwa ko kuma kuɗinsa yafi ƙarfin mai mota, sai a ɗaura wanda bashi da famfo, batir na caji fitila na kamawa amma busta ya mutu. Wani kuma robar cikin bustan ce ke yagewa saboda tsufa da zafin nan namu. Daga nan sai kaji mai mota ya cewa bakanike, wanda a nan muke kira usta, "usta cire mana abin nan kawai, ai motocin da ma basu dashi." Sai a cire, a yanko faranti a ɗaure tsohon mastan, wato silindar dake tura man birki zuwa tayoyi, a jikin bangon dake tsakanin injin da direba, a ƙera sandar da zata haɗa shi da feda, a zuba mai a fitar da iska, a miƙa makulli. Wannan shine aikin da nake kuka dashi.

Maganar motocin da gaskiya ce amma rabinta aka faɗa. Tsohuwar Land Rover da Volkswagen Beetle sun fito ba busta, haka ne, amma birkinsu na durom ne, shi kuwa durom yana taimakon kansa, idan shu, wato takalmin birkin, ya taɓa jikin durom ɗin juyawar tayar da kanta ke jan shu ɗin ta ƙara manna shi, kaga ƙafa ta samu mataimaki kyauta. Birkin dis bashi da wannan, fad biyu ne kawai ke matse faifai, iya abinda ka basu iya abinda zasu yi, shiyasa yake buƙatar matsin mai mai yawa. Kuma waɗancan motocin tun daga kamfani an basu siririn masta da feda mai doguwar lankwasa daidai da ƙafar mutum. Motar da aka ƙera da busta kuwa akasin haka akai mata, tunda an san busta zai ninka ƙarfin ƙafa sau biyu ko uku wani ma fiye, sai aka bata masta mai faɗi da feda mai gajeren ƙarfi don kada fedar tayi nisa. In ka cire bustan ka bar waɗannan biyun yadda suke ka cire mai taimakon ne ka bar masu wahalarwa.

Abinda yafi ƙona min rai shine da yawa daga cikinmu sun ɗauki abin a juye. Direba zai dawo yace birki yayi tauri kamar yana taka ƙasa kuma mota bata tsayawa, sai wani yace masa ai masta ɗin ne yayi ƙarami, a nemo na Land Cruiser ko na wata babbar mota, babba shine mai ƙarfi. Wallahi ba haka bane. Babban masta mai yake turawa da yawa amma matsinsa kaɗan ne, siriri kuwa mai kaɗan yake turawa amma da matsi mai ƙarfi. Duk wanda ya taɓa yiwa dabba allura ya sani, siririn sirinji da ɗan yatsa ɗaya kake danna shi ruwan ya shige, ƙaton sirinji kuwa sai ka sa tafin hannu ka dage, alhali allurar bakinsu ɗaya ce. Haka masta yake, ƙarfin ƙafarka rabuwa yake akan faɗin fistin, in fistin yayi faɗi kowane gefe sai ya samu kaɗan.

Bari in kawo lissafin, kada kowa yaji tsoro ba wuya, kalkuletar waya ta isa. Galibi ana rubuta faɗin masta a jikinsa da inci, zakaga 3/4 ko 13/16 ko 7/8 ko 15/16 ko 1, in ba'a rubuta ba a cire zoben baya a auna ramin. Mai inci 1 milimita 25.4 ne, fuskar fistinsa murabba'in santimita 5.07. Mai 15/16 tana 4.45, mai 7/8 tana 3.88, mai 13/16 tana 3.35, mai 3/4 kuma 2.85. Yanzu mu ɗauka direba ya taka da ƙarfin kilo 40, wanda taka ce mai kyau ba ta wasa ba, fedar motar busta kuma tana ninka ƙarfi wajen sau 4, kaga kilo 160 kenan ya isa sanda. In busta na aiki ya ninka misali sau biyu da rabi ya zama 400, ka raba da 5.07 zaka samu kusan bar 79, bar shine ma'aunin matsin mai, kuma birkin dis dama wajen bar 60 zuwa 80 yake so kafin ya tsayar da mota tsayuwar gaggawa. Toh cire bustan ka bar komai, 160 a raba da 5.07, bar 31 da ɗan wani abu, ko rabi bai kai ba. Kafin wannan direban ya samu bar 70 sai ya taka da kusan kilo 90, da ƙafa ɗaya, a zaune, cikin daƙiƙar da yaro ya ɓullo masa a titi. In kuma aka bi waccan shawara aka sa masa mai inci 1 da 1/8 wanda fuskarsa 6.41 ce, kilo 40 ɗin bar 25 zai bashi, bar 70 kuma sai da kilo 112. A ƙa'idar gwajin ƙananan motoci ta Turai ba'a yarda birki ya buƙaci fiye da wajen kilo 50 daga ƙafar direba ba, kaga nisan da muke.

Sai dai rage masta shi kaɗai ma baya wadatarwa, nan ne masu ɗan sani suke tsayawa. In ka sauko 7/8 ka bar feda yadda take bar 41 zaka samu. Dole a taɓa fedar. Ka kwanta ƙarƙashin sitiyari da tef, ka auna daga ƙusar sama da fedar ke lilo a kanta zuwa tsakiyar inda ake ɗora ƙafa, sannan ka auna daga wannan ƙusar dai zuwa ramin da sandar masta ke shiga, ka raba na farko da na biyu. Misali santimita 30 da 7.5, ninki 4 kenan. Motar da ba busta tana son ninki 6 ko kusa da haka, wato sai ramin sanda ya matsa sama ya koma santimita 5 daga ƙusar, tazarar santimita 2.5 kacal amma ita ce ke mayar da kilo 160 ya zama 240. Yanzu 240 akan 7/8 bar 62 ne, akan 13/16 kuma kusan 72. Kaga an shigo inda ake so. Amma fa in ka ɗaga rami dole shima mastan ya ɗaga a jikin bango gwargwadon haka, don sanda ta riƙa turi a miƙe, in tana turi a karkace fistin zai riƙa cin gefe ɗaya na ramin, roba ta mutu da wuri, wata rana ma sandar ta lanƙwashe. Kuma dan Allah rami da injin huji ake yinsa inda ƙarfen feda ke da nama, ba'a hura shi da wutar walda, ba'a yanke feda a ƙara mata rodi, sannan a mayar da ƙusa da makarinta, a duba makunnin jar fitilar baya yana aiki.

Toh wani zai ce tunda siriri yafi matsi me zai hana kowa ya sa 3/4 a huta. Abinda zai hana shine mai. Ƙarfin da ka samu ba kyauta bane, da tafiyar feda kake biya. Kalifa, wato abin dake matse fad a jikin faifai, da silindar tayar baya suna da adadin man da suke sha kafin fad ya kama, wannan adadin baya canzawa don ka canza masta. Daga inci 1 zuwa 7/8 fistin zai ƙara tafiya da kusan kashi 30 cikin 100 kafin ya tura man da yake turawa a da, ɗaga ramin feda daga ninki 4 zuwa 6 kuma ya ƙara rabi akai, in ka haɗa kusan ninki biyu kenan. Fedar da a da take kamawa a santimita 5 yanzu sai wajen 10. In 3/4 ka sa zata kai 13 da wani abu, daga feda zuwa ƙasan mota kuwa sau da yawa baifi 15 ba. Ranar da shu ɗin baya ya ɗan cinye ko ɗan iska ya shiga ko mai yayi zafi, feda zata dira ƙasa birki bai gama kamawa ba, kuma wannan yafi birki mai tauri haɗari, mai tauri ko ba komai kana da abin dagewa a kai. Akwai kuma wani abu da ba'a lura dashi, in tafiyar feda gaba ɗaya santimita 15 ce, a ninki 6 sanda santimita 2.5 kawai zata iya tura fistin, saboda haka a duba tsawon tafiyar mastan da aka saya, a tabbata fedar zata iya kaishi inda ya kamata kafin ta taɓa ƙasa. Shiyasa kafin ma a zaɓi lamba sai an ɗaure shu ɗin baya daidai, an canza tsofaffin tiyon roba masu kumbura idan an taka, don duk waɗannan satar mai suke kuma siririn masta bashi da rarar da zai basu.

Ni a nawa ganin ga yadda abin yake. Ƙaramar mota mara nauyi mai ƙananan kalifa, 3/4 ko 13/16 da feda ninki 6 suna yi, har ma direba yaji daɗin birkin don yana jin abinda taya keyi a ƙafarsa, kuma ko injin ya mutu a gangara birkinsa bai canza ba, wannan alheri ne na gaske bana musunsa. Boksi mai dis a gaba da durom a baya, wanda yazo da 15/16 ko inci 1, a sauko mataki ɗaya ko biyu, 7/8 ne yafi zama daidai, 13/16 sai in kalifansa ƙanana ne kuma an gwada anga feda nada saura. Mai jan ƙafa huɗu da kalifa mai fistin huɗu yana shan mai da yawa, bana sauka ƙasa da 7/8 a kansa. Amma Hiace mai ɗaukar fasinja da Land Cruiser da duk motar dake da ABS, na'urar nan mai hana taya kullewa idan an taka birki, ni bana cire musu busta ko nawa za'a biya, kuma ina roƙon 'yan uwa suma su ƙi. Nauyinsu yafi abinda ƙafa zata iya ba tare da feda ta ƙare ba, babu lambar mastan da zata haɗa maka biyun. Ko boksin ma lissafin nan na sama na motar da aka ɗorawa kaya daidai kima ne, mu kuwa mun san yadda lokacin yankan riɗi yake, buhuna har sun wuce kan direba ga leburori goma sha a zaune a sama, an kuma sa manyan tayoyi saboda laka, babbar taya kuwa rage ƙarfin birki take. Mai irin wannan aikin ya nemi busta kawai.

Yanzu ga abinda ke kisa farat ɗaya ba gargaɗi, wato faɗuwar sanda. Ka juya mastan motar busta ka leƙa bayan fistinsa, da yawansu ɗan lotsawa ne kawai mara zurfi, saboda sandar busta a tsaye take wuri ɗaya bata zuwa ko'ina. Mastan da aka ƙera don ƙafa zalla kuwa raminsa mai zurfi ne, kuma akwai zobe ko roba ko washa dake riƙe kan sandar. In ka ɗauki sanda ka jingina a wancan ɗan lotsawar, ranar da mota ta faɗa gargada a hanyar gona ko takalmin direba ya ɗago feda ta baya, sandar zata zame ta rataye, taka ta gaba feda zata tafi ƙasa ba abinda ta tura. Ba tauri, ba laushi, babu birki kwata-kwata. Saboda haka ko a samo masta mai zurfin rami, ko a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe yayi makari mai riƙe sandar a bakin mastan, kuma a sa wa feda abin tokare ta baya don kada ta ɗago fiye da kima, da sifirin mai dawo da ita. Bayan an gama ka sa hannu ka finciko fedar baya da ƙarfinka, in sanda ta fita toh aikin bai yi ba.

Tsawon sandar ma da magana. In tayi gajarta ka ɓarnatar da tafiyar fedar da dama bata isheka ba. In tayi tsawo kuma fistin bazai koma gidansa ba, zai toshe ɗan ƙaramin ramin da mai ke bi ya koma kofi, a gareji bazaka ga komai ba, sai an hau kwalta mai yayi zafi ya kumbura bashi da wajen komawa, birki ya fara riƙe mota da kansa, taya na wari, har ta tsaya cak a tsakiyar hanyar Kassala da rana tsaka. Ɗan sarari ake bari tsakanin kan sanda da fistin, rabin milimita zuwa 1, wanda a wajen ƙafa zai zama milimita 3 zuwa 6 na wasa kafin kaji ta taɓa. Shiyasa sanda mai noti da ake iya ƙarawa da ragewa tafi wadda aka yanke aka liƙe.

Na kuma ga inda aka ɗaura mastan kuloci a matsayin na birki, wai ai siriri ne kuma da sandarsa a jiki ga arha. Siriri ne kam, amma ɗaki ɗaya gareshi, an haɗa gaba da baya a fayif ɗaya kenan, tiyo ɗaya ya fashe ko icce ya tsinke fayif a gona duk man ya tsiyaye ƙafa huɗu su tafi tare. Tun ƙarshen shekarun 1960 Amurka ta wajabta masta mai ɗaki biyu saboda wannan, sauran duniya suka biyo, kada talauci ya mayar damu baya da shekara hamsin akan abinda ya shafi rai. Mai ɗaki biyu kawai, kuma a lura da wane irin birki aka ƙera shi dominsa. Wasu mastocin motocin durom suna da ɗan bawul a bakin mafitar mai dake riƙe ragowar matsi ƙasa da bar 1 don robar silindar taya ta zauna a manne, in ka haɗa wannan mafitar da dis fad bazai saki faifai sosai ba, zai ta gogawa yana zafi. In kofin mai ɗakinsa ɗaya yafi ɗaya girma babban na dis ne, don kalifa na ƙara shan mai yayin da fad ke cinyewa. Sannan bawul ɗin nan dake saman aksil na baya a boksi, mai sanda dake auna lodi, a barshi a wajensa, shine ke hana tayar baya kullewa idan mota ba kaya, wasu na cire shi wai birki ya ƙaru sai mota ta riƙa juyowa a santsi.

A wajen saye kuma a buɗe ido. Notin fayif na motocin Japan haƙoransa milimita 10 ne, na tsofaffin motocin Amurka da Ingila kuma 3/8 na inci, suna kama sosai har ɗaya na shiga ramin ɗaya ya ɗaure kamar ya zauna, sai an taka da ƙarfi ya kwance. Bakin fayif ma iri biyu ne, na motocin Turai da yawa a kumbure yake na Japan kuma a buɗe, in basu dace da mazauninsu ba zai riƙa tsattsafa. Mastan da aka ciro daga mota mai sitiyari a dama sau da yawa mafitarsa na ɗaya gefen ne, in ka sa shi a tamu sai an sake lanƙwasa fayif, a yi sabo kada a murɗe tsoho da ƙarfi. Farantin da za'a ɗaure mastan a kai kuma ya zama mai kauri ya kama duk ramukan da busta ke kamawa, saboda yanzu ƙarfin da bangon ke ɗauka ya ƙaru kuma a ƙaramin wuri, bangon tsohuwar mota mai tsatsa zakaga yana motsi idan an taka, duk motsin nan daga birkinka ake cirewa.

Amma kafin duk wannan, a tabbata bustan ne ya mutu, don sau da yawa lafiyarsa ƙalau. A kashe injin a taka feda sau da dama har tayi tauri, a riƙe ta a take a tada injin, in ta ɗan nutse ƙasa busta na aiki. In bata nutse ba a fara duba tiyon iska ko ya tsage, da ɗan bawul ɗin roba dake bakin busta, a sa yatsa a bakin tiyon aji ko famfo na zuƙa, waɗannan kuɗinsu bai kai na buhun dawa ba. In famfon dinamo ne babu, akwai famfon zuƙa mai aiki da batir da ake cirowa daga wasu motoci, a haɗa shi da ɗan tanki ya riƙe bustan. In bustan ne da kansa, yawancinmu muna da ɗan uwa a Jidda ko Makka, can wuraren fasa tsofaffin motoci cike suke da Hilux da Hiace kuma sitiyarinsu a hagu yake irin namu, a ɗauki hoton lambar a tura masa ya sako a jirgin ruwan dake zuwa Sawakin. Motar ta kwana biyu a ajiye tana jira, nasan da zafi ga mai neman na cefane, amma ni dai shine nake fara gayawa duk wanda yazo min.

In kuwa ba makawa an yi aikin, kada mota ta fita sai an gwada. A fitar da iskar mastan tun yana kan tebur kafin a ɗaura, a zuba sabon man birki mai lamba DOT 3 ko DOT 4 daga gwangwanin da aka buɗe yanzu, DOT 4 yafi jure zafi, yana kaiwa digiri 230 kafin ya tafasa shi kuwa DOT 3 205, amma dukansu suna shan danshi su lalace in sun daɗe, kuma ko ɗigon man injin ko na giya kada ya shiga don yana kumbura roba. Sannan a cikin gareji a kwance notin fitar da iska na tayar baya a taka, a ga ko fedar zata kama da gaba kaɗai kafin ta taɓa ƙasa, a ɗaure a fitar da iska a maimaita da na gaba, in ta dire ƙasa a ɗayan biyun toh mastan yayi siranta ko ninkin feda yayi yawa, a koma lissafi. Bayan nan a fita fili ba jama'a a gwada ba kaya, a ɗora lodi a sake gwadawa, kuma mai tuƙa motar shi zai taka ba bakanike ba, don ƙafar usta data saba da ƙafar yaron mota ɗan shekara ashirin ba ɗaya bane. A gaya masa gaskiya cewa motarsa ta canza, ya ƙara tazara, in zai gangara irin Akaba ta tsakanin Sinkat da Sawakin ya sauko da giya ƙarama ya bar injin ya riƙe. A rubuta lambar mastan da aka sa da fenti a cikin bonet saboda bakaniken da zai taɓa motar nan gaba kada ya mayar da na asali, in kuma za'a sayar da ita a faɗawa mai saye.

Malam Edita na tsawaita, kayi haƙuri. In da hali a buga min da lambobin yadda suke, kuma ina roƙon ustocin dake karanta jaridar nan a Najeriya da Nijar da Saudiyya, duk wanda ya taɓa yin wannan aikin ya rubuto ya faɗi irin motar, da faɗin mastan daya sa, da ninkin fedar, da nisan da take tafiya kafin ta kama, mu nan muna buƙata sosai musamman akan boksi mai jan ƙafa huɗu.

Nagode, wassalam.

Mai karatunku, bakaniken birki daga Gadarif, Sudan